Amsa ga mai shirin gasa talotalo karon farko

Tambayar ta zo ne daga wata 'yar'uwa da take zaune a Amurka. Ta ce bana ita ce za ta karɓi baƙi a bikin Ranar Godiya, wanda suke kira Thanksgiving, mutum tara ne har da maƙwabtanta Amurkawa biyu. Ta sayi daskararren talotalo mai nauyin laba 13, wato kusan kilo 6, kuma ba ta taɓa gasa abin da ya fi kaza girma ba. Ta ji ana cewa sai an jiƙa shi a ruwan gishiri kafin gashi, in ba haka ba naman zai bushe, shi ne take son ta san ko gaskiya ne, yaya ake yi, kuma awa nawa zai yi a obin.

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya. Gaskiya ne gishiri yana taimakawa ƙwarai, kuma zan yi miki bayanin hanyoyinsa guda biyu, amma tun daga farko ina so ki riƙe cewa abin da yake busar da talotalo shi ne daɗewa a wuta, kuma babu ruwan gishirin da zai ceci naman da aka bari ya zarce. Saboda haka kafin ki sayi ko da ƙwayar kanumfari, ki nemi abubuwa biyu masu araha: ƙaramin sikelin kicin mai auna giram, da ma'aunin zafi mai tsinke wanda ake sokawa a nama ya nuna lamba nan take. Na fi shekara goma ina gasa talotalo, a gida da kuma wurin aikin abincin taro, amma har yau ban yarda da idona ko agogona ba kamar yadda na yarda da wannan tsinken.

Mu da muka tashi da kazar gida mun saba da nama mai tauri, wanda sai an sulala shi da albasa da kayan ƙamshi sannan a soya, kuma ko ya jima a wuta ba abin da yake samunsa. Talotalon kantunan Amurka ba haka yake ba. Kusan dukkansu irin nan ne fari mai faɗin ƙirji, wanda aka yi ta zaɓen irinsa shekara da shekaru domin ƙirjin ya cika, har ta kai ga ba sa iya barbara da kansu sai masu kiwo sun sa hannu, kuma ana yanka su suna 'yan mako 14 zuwa 20. Naman ƙirjin fari ne, kitsensa kaɗan ne, ba shi da jijiya, da zarar zafin cikinsa ya haura digiri 74 a ma'aunin Salshiyas sai ya yi ta matse ruwansa yana zubarwa, har ya koma kamar auduga a baki. Cinya kuwa tsokar aiki ce, tana da kitse da jijiyoyin da ba sa saki su yi laushi sai zafi ya kai wajen digiri 80. Ke nan nama iri biyu ne a jikin tsuntsu ɗaya, kowanne da lokacin da yake so, kuma ƙirjin da ya fi saurin nuna shi ne yake sama yana shan zafi. Aikin gishiri a nan shi ne, idan ya sami lokaci, ya ratsa tsokar a hankali ya sassauta wani sashe na furotin ɗin da yake sa ta tsukewa, ta yadda idan zafi ya zo ba za ta matse da ƙarfi kamar da ba, ruwan da za ta zubar ya ragu. Yana kuma kai ɗanɗano har tsakiyar naman, inda yajin da aka barbaɗa a fata ba ya isa. Abin da za ki samu shi ne rangwamen 'yan digirori idan kin ɗan makara wajen sauke shi, amma rangwamen yana da iyaka.

Yanzu ki ɗauko talotalon ki karanta rubutun da yake jikin ledarsa, domin a nan za a san ko ma yana buƙatar gishiri. Da yawa daga cikin daskararrun an riga an yi musu allurar ruwan gishiri tun daga kamfani, za ki ga an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa yana ɗauke da ruwa da gishiri da kayan ɗanɗano har kashi 8 cikin 100 na nauyinsa, ko abin da ya yi kusa da haka. Wanda aka yanka bisa ƙa'idar Yahudawa, mai tambarin kosha, shi ma an riga an yi masa wankan gishiri, domin da shi suke fitar da jini. Idan naki yana cikin waɗannan biyun, kada ki ƙara masa komai, ki tsallake maganar jiƙo gaba ɗaya ki wuce wajen busar da fata. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan ramin a shekarata ta biyu: na sayi wani a kanti ban karanta ba, na kwanar da shi a ruwan gishiri, da aka yanka ƙirjin ya fito sumul yana sheƙi kamar naman gwangwani, baƙi suka yi ta kurɓar ruwa suna yaba mini don kara. Idan kuma na halal ne daga wurin mahauci, yawanci ba a yi masa allura, duk da haka ki tambaya. Wanda bai saya ba tukuna ya yi oda da wuri, domin mahautan halal suna kawo ƙididdigaggu ne a wannan mako, ana gab da biki ba a cika samu ba.

Sai maganar narkar da ƙanƙara, wadda ita ce ta fi kayar da masu farawa, saboda ba wanda yake tsammanin za ta ci kwanaki. Ƙa'idar da Ma'aikatar Noma ta Amurka take bayarwa ita ce awa 24 a cikin firji ga kowace laba 4 zuwa 5, don haka naki yana buƙatar kwana uku cur, kuma firjin ya kasance a digiri 4 ko ƙasa da haka. Tun 1941 doka ta tsayar da bikin a ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba, saboda haka lissafin ba ya canzawa: ki fitar da shi daga firiza ranar Asabar da yamma, ki ɗora shi a faranti mai zurfi a can ƙasan firji yadda ruwansa ba zai ɗiga a kan wani abinci ba, zuwa Talata da yamma ya saki. Idan an makara, a nutsar da shi da ledarsa a ruwan sanyi ana canza ruwan duk bayan rabin awa, kowace laba tana cin wajen minti 30, wato naki zai ɗauki awa shida da rabi. Abin da ba a yi shi ne a bar shi a kan teburin kicin ya kwana, domin tun cikinsa yana dutse wajensa zai yi ɗumi, ƙwayoyin cuta irin su salmonela kuwa tsakanin digiri 4 da 60 suke hayayyafa da sauri. Idan ya narke ki zura hannu ta ƙasa ki zaro wuyan, sannan ki ɗaga fatar da take rufe ramin wuya, a nan suke cusa 'yar jaka mai hanta da ƙundu da zuciya. Ki duba ramukan biyu, domin mutane da yawa sai a kan tebur, gaban baƙi, suke gano jakar.

Hanyar farko, wadda kika ji labari, ita ce jiƙo a ruwa. Ma'aunin da nake amfani da shi giram 50 ne na gishiri ga kowace litar ruwa. Tsuntsu mai kilo 6 yakan buƙaci wajen lita 8 kafin ruwa ya rufe shi, wato giram 400 na gishiri ke nan, idan kina so ki ƙara sukari giram 150, wanda yake taimaka wa fata ta yi ja. Na dage a kan giram ne saboda kofi yana yaudara a ƙasar nan. Kofi ɗaya na gishirin tebur mai laushi yana kai wajen giram 290, alhali kofi ɗaya na gishirin Diamond Crystal mai manyan ƙwayoyi, wanda masu rubuta girke-girke a Amurka suka fi so, bai wuce wajen giram 140 ba. Wadda ta karanta kofi biyu ta auna da gishirin tebur ta ninka abin da ake nufi ba ta sani ba. Ki tafasa lita ɗaya ko biyu ki narkar da gishirin da sukarin a ciki, ki cika sauran da ruwan sanyi da ƙanƙara, kuma kada talotalon ya shiga sai ruwan ya yi sanyi ƙalau kamar wanda aka ciro daga firji. Mazubin ya zama tukunyar silba ta bakin ƙarfe marar tsatsa, ko bokitin roba na abinci, ko jakar da ake sayarwa musamman don wannan aiki. Tukunyar dalma da ledar shara ba su dace ba. Ki kifa shi ƙirji ƙasa, ki danne da faranti idan yana tasowa, ya yi awa 12 zuwa 16 a cikin firji. Idan ya haura kwana guda naman zai yi taushin da bai da daɗi, gishirin kuma ya yi yawa.

Matsalar wannan hanya tana bayyana ne lokacin da kika tsaya gaban firji riƙe da tukunya mai kilo 14 ko fiye, a makon da firjin yake cike da kayan biki. Sai an zare kanta ɗaya ko biyu, sai an sami mai kama miki, kuma duk tangal-tangal ɗin da ruwan ya yi ya fallatsa, ruwan ɗanyen nama ne. Wasu suna amfani da babbar kula su zuba ƙanƙara, hakan yana yiwuwa idan za ki riƙa soka ma'auni kina tabbatar da cewa ruwan bai haura digiri 4 ba, har cikin dare. Ga masu karanta wannan daga gida da suke shirin Kirsimeti ko wani biki a inda wuta ba ta tsayawa, wannan sharaɗin sanyi bai da sassauci, domin gishirin da yake cikin ruwan bai kai ya hana nama lalacewa ba. Wanda ba shi da tabbacin sanyi ya yanka talotalonsa gunduwa-gunduwa ya dafa a ranar. Bayan wahalar wuri kuma, abin da naman yake sha ruwa ne zalla, saboda haka yana fitowa da danshi sosai amma ɗanɗanon talotalon yana ɗan salancewa, fatar kuma tana jiƙewa.

Saboda waɗannan dalilai hanya ta biyu nake ba ki shawara, ita ce kuma nake bi a gidana: shafa busasshen gishiri. Ki auna giram 7 ga kowane kilo, wato wajen giram 42 ga naki. Ki goge tsuntsun da takardar kicin ciki da waje har ya bushe. Sannan ki zura yatsunki ta wajen wuya tsakanin fata da naman ƙirji, ki riƙa turawa a hankali, za ki ji wata siririyar yana tana rabuwa a ƙarƙashin yatsa, har tafin hannunki ya shige gaba ɗaya kina hango shi ta cikin fatar. Idan kina da zobe ki cire, idan farcenki dogo ne ki juya bayan yatsa, don kada fatar ta yage. Rabin gishirin ya tafi kan ƙirji a ƙarƙashin fata, sauran ki raba wa cinyoyi da cikin ciki da bayan tsuntsun. Ki ɗora shi a kan raga a cikin faranti, ki sa a firji. Bayan 'yan awanni za ki ga ya yi gumi, kada ki damu, gishirin ne ya jawo ruwa ya narke a ciki, kuma naman zai sake shanye shi da gishirin tare. Kwana ɗaya ya wadatar, kwana biyu ya fi. Idan kin shafa ranar Talata da daddare, ki rufe shi daren farko, daga Laraba da safe ki bar shi a buɗe. Zuwa safiyar Alhamis fatar za ta tsuke ta yi garau har ana hango jan naman ta ciki, ba ta da kyan gani, amma ita ce fatar da take yin ƙaras-ƙaras a obin. Ko da jiƙon ruwa kika zaɓa, wannan busarwar ta dare guda dole ce: ki tsamo shi Laraba da rana, ki goge, ki bar shi a buɗe a firji.

Na san hannunki zai yi ƙaiƙayi ki kai shi famfo ki wanke da lemun tsami, domin haka aka koya mana, kuma a gida inda ake fige kaza a tsakar gida akwai dalilin yin haka. Wannan an riga an gyara shi, kuma hukumomin lafiyar abinci na Amurka suna hana wanke ɗanyen naman tsuntsu, saboda ruwan ba ya kashe ƙwayar cuta, fallatsa ta kawai yake yi zuwa kan kwanuka da kayan lambun da suke kusa. Wuta ce take kashe ta. Da ma'aunin gishirin da na ba ki ba kya buƙatar ɗauraya ko kaɗan.

Game da kayan ƙamshi, mutane suna ɓarnar kuɗi wajen zuba lemu da ganyaye da tuffa a ruwan jiƙo, alhali gishiri ne yake iya ratsa tsoka mai kauri, ƙamshin sauran yana tsayawa ne a baki-baki. Wurin da ya dace da su shi ne cikin mai. Ranar gashi ki sami bota marar gishiri wajen giram 120 da ta yi laushi, ko man shanu idan kina da shi, ki kwaɓa da dakakkiyar tafarnuwa da ɗanyar citta da masoro da ɗan kanumfari da garin tattasai, ki tura a ƙarƙashin fatar ƙirji da cinya, ki shafe wajen da mai zalla. Ki yi hattara da dunƙulen magi da yajin da aka haɗa a kanti, kusan duk gishiri ne, a kan wanda kika riga kika sa. Yajin tsire mai ƙuli-ƙuli yana dacewa da talotalo sosai, sai dai yana ƙonewa ya yi ɗaci idan ya yi awa uku a obin, don haka ki ajiye shi a kan tebur kowa ya barbaɗa. Idan kin ga girkin da ya ce a shimfiɗa naman alade a ƙirji ko a zuba giya a romo, botar nan ta maye gurbin na farko, romon kaza da 'yar matsar lemun tsami kuma sun maye gurbin na biyu.

Kada ki cusa burodi ko shinkafa a cikinsa a wannan karon. Al'adarsu ce, amma abin da aka cusa yana shan ruwan ɗanyen nama, shi ma sai ya kai digiri 74 kafin a iya cin sa lafiya, kuma kafin zafi ya isa can tsakiya ƙirjin ya daɗe da wucewa. Albasa guda a raba biyu da rabin lemun tsami sun isa a ciki, abin cusawar ki gasa shi daban a faranti.

Ranar Alhamis ki fitar da shi daga firji kamar minti 45 kafin gashi, ki saukar da ragar obin zuwa matakin ƙasa, ki kunna ya yi zafi sosai a digiri 220, wato 425 a ma'aunin Faranhait da obin ɗinku yake amfani da shi. A ƙasan farantin gashin ki zuba yankakkiyar albasa da karas da wuyan talotalon da ruwa kofi biyu, don kada man da zai ɗiga ya ƙone ya cika gida da hayaƙi, sannan ki ɗora tsuntsun a kan raga, ƙirji sama, ki lanƙwasa bakin fikafikan ki cusa su a bayansa. Idan ƙafafun a ɗaure suke da roba ki kwance su, iska mai zafi ta sami shiga tsakanin cinya da jiki. Ki tura farantin yadda ƙafafun za su fuskanci bayan obin, inda yawanci ya fi zafi. Bayan minti 30 ki rage wuta zuwa digiri 165, wato 325 a nasu ma'aunin, kuma kada ki yi ƙasa da haka. Da zarar ƙirjin ya yi ja yadda kike so, ki ninka takardar foyil biyu ki kifa a kansa shi kaɗai, ki bar cinyoyin a buɗe su ci gaba da shan wuta. Ba na buɗe obin ina kwarara masa romo duk bayan rabin awa kamar yadda ake nunawa a talabijin, domin romon ba ya ratsa fata, laushi kawai yake sa ta, kuma kowace buɗewa tana zubar da zafi ta tsawaita aikin.

Kin tambayi awa nawa. Jadawalin Ma'aikatar Noma ya ba tsuntsu mai laba 12 zuwa 14, wanda ba a cusa masa komai ba, awa 3 zuwa 3 da minti 45 idan an gasa shi a digiri 165 na Salshiyas tun daga farko. Da zafin da muka fara da shi naki zai iya nuna kafin awa uku, kuma obin ya bambanta da obin, saboda haka jadawalin don tsara lokacin zuwan baƙi ne kawai. Daga awa biyu ki fara aunawa. Tun ana gobe ki gwada ma'aunin a kofin da aka cika da ƙanƙara da ɗan ruwa, ya kamata ya nuna sifili, ko 32 a Faranhait. Wajen aunawa ki soka tsinken a inda ƙirji ya fi kauri, daga gefen wuya, a kwance, ki tura har ya wuce tsakiya sannan ki janyo shi a hankali kina kallon lambar, mafi ƙanƙantar lambar da kika gani ita ce gaskiya. Sai cikin cinya, ta wajen da take haɗuwa da jiki, ba tare da tsinken ya taɓa ƙashi ba, sai kuma gindin fiffike. Ƙa'idar hukuma ita ce ko'ina ya kai digiri 74, wato 165 a Faranhait. Ni ina sauke shi idan ƙirji ya nuna 71 ko 72 a Salshiyas, domin zafin da yake waje yana ci gaba da shiga ciki bayan an fitar, sai in sake aunawa bayan minti goma in tabbatar ya taɓa 74. Cinya ina son ta kai 79 zuwa 82. Ɗan jan maɓallin robar da suke dasawa a ƙirji, wanda yake tasowa idan wai ya nuna, kada ki jira shi, yawanci sai ƙirjin ya wuce yake fitowa.

Abin da ya fi faruwa shi ne ƙirji ya kai, cinya tana baya da digiri bakwai ko takwas. Kada ki hukunta ƙirjin saboda cinya. Ki fitar da tsuntsun, ki sa wuƙa ki yanke fatar da take tsakanin cinya da jiki, ki danna cinyar waje har gaɓar ta buɗe, ki cire su biyun ki mayar obin su ƙara minti 15 zuwa 20, ƙirjin yana hutawa. Tun da a kicin za ki yanka ki jera a faranti, babu baƙon da zai san an yi haka. Idan kuma kin ga ɗan ja-ja kusa da ƙashi alhali ma'auni ya nuna ya kai, launin ɓargo ne da yake fitowa daga ƙashin tsuntsu mai ƙuruciya, ba ɗanye ba ne.

Ki bar shi ya huta aƙalla minti 30 a buɗe, ko da foyil a ɗore sama-sama, zafinsa ba zai tafi ba. Idan aka yanka shi da zafinsa ruwan yana malala ne a kan katako. A wannan rabin awar za ki haɗa miyar romon da Amurkawa ba sa cin talotalo sai da ita: ki tace ruwan farantin, ki kwashe man da ya taso, ki soya cokali huɗu na man da cokali huɗu na fulawa har ya yi launin ƙasa-ƙasa, sannan ki riƙa zuba romon kaɗan-kaɗan kina juyawa har ya yi kauri. Ki ɗanɗana kafin ki sa gishiri, domin ruwan tsuntsun da aka yi wa gishiri yana da nasa, wani lokaci ma sai an sirka da romo marar gishiri, wanda za ki iya tanada tun Laraba da ƙundu da zuciya da albasa. Ki ajiye miyar attaruhu a gefe saboda 'yan gida, kuma kada ki yi mamaki idan maƙwabtan suka fi kowa kai mata hannu. Wajen yanka, bayan cinyoyi da fikafikai, ki bi gefen ƙashin tsakiya da wuƙa ki ciro kowane ɓangaren ƙirji ɗungurungum, ki kwantar a katako ki yanka shi a gicciye da ɗan kauri, yadda kowane yanki zai zo da fatarsa.

Abin da ya rage ya shiga firji kafin awa biyu da saukewa, a zare naman daga ƙashi a raba shi a ƙananan mazubai don ya yi saurin sanyi, a cinye cikin kwana uku zuwa huɗu ko a mayar firiza. Ƙasusuwan kada ki zubar, ki farfasa su ki dafa da citta da kimba da albasa da attaruhu na awa biyu, za su ba ki romon farfesun ranar Juma'a. Idan kuma duk da wannan bayani wani ɓangare na ƙirjin ya bushe, kamar yadda yakan faru a gefen da ya fi siranta, ki daka shi a turmi ko ki yagalgala da hannu, ki soya da albasa da yaji a wuta kaɗan-kaɗan har ya zama dambu.